Ƙwallo Mai Launi Uku da Ɗan Farinmu

Ni ban taɓa jefa ƙwallon kwando ba, ban kuma taɓa zama na kalli wasa guda daga farko har ƙarshe ba. Amma ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi bambancin zakarun babbar gasar Amurka ta da da zakarun ƙaramar gasar da ta yi gogayya da ita har ta mutu, zan faɗa babu gargada. A kicin na koya, ina tuƙa tuwo, muryoyin maza suna shigo mini daga falo.

Karatu ne ya kawo maigidana Kuala Lumpur, da ya gama kuma jami'ar da ke Jalan Semarak ta riƙe shi yana koyarwa. Malam nake ce masa. Mun zo da ɗanmu na fari yana tatata, autarmu kuwa a nan aka haife ta bayan mun daɗe muna roƙon Allah. Gidanmu yana hawa na tara a wani dogon bene a Wangsa Maju. Idan ka tsaya a baranda kana hango jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa, a ƙasa kuma ga filin ƙwallon kwando na siminti, ragarsa guda ta yage tun zuwanmu ba a sake ta ba.

Malam dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin. Ya buga ƙwallon kwando a makarantar kwana a Zariya. Malamin wasanninsu yana da tsofaffin mujallu da wata ƙwallo mai launi uku, ja da fari da shuɗi, wadda ba ya barin kowa ya buga ta a ƙasa. Daga wajen wannan malami ya ɗauko zancen da ya riƙe har ƙarshen ransa. A wani zamani, in ji shi, gasa biyu ake yi a Amurka, kowace da zakaranta, kuma zakarun biyu ba su taɓa karawa a wasan ƙarshe na gaskiya ba. Babbar tana da suna da talabijin da manyan birane. Ƙaramar tana da ƙwallo mai launi uku, da jifa daga nesa da ake ba maki uku, da samari masu gudu da tashi sama kamar ba nauyi a jikinsu. Daga baya babbar ta haɗiye ƙaramar, ta ɗauki wasu ƙungiyoyi ta watsar da sauran. A cikin waɗanda aka watsar har da ƙungiyar da Malam yake so, wadda ta ci kofi ana gab da rufe gasar. Ra'ayinsa shi ne da an haɗa ta da zakarun babbar gasa na wannan shekarar, da ta yi musu dukan da ba za su manta ba.

Duk ranar Lahadi akwai wani Alhaji ɗan Kano da yake kawo mana kuka da daddawa da garin kunu. A Taman Melati yake zaune, shi ke sayar wa ɗalibai kayan gida, shi ke aika musu kaya Najeriya. Ƙwallon ƙafa ya sani, ƙwallon kwando kuwa ko yawan 'yan wasa sai an tuna masa. Amma ya gane inda ake taɓa Malam ya motsa.

"Dakta, ni fa har yanzu ban gane ba. In da gaske sun iya, me ya kashe gasar tasu?"

"Rashin talabijin ne, Alhaji, ba rashin iyawa ba."

"To ai ko mai kilishi in kilishinsa na da daɗi ba ya rufe shago. Ƙwallo kamar ta bikin yara, ja da shuɗi, ina za a kai ta?"

"Jifan nesa da kake gani yau ana ta ihu a kansa, daga ina aka kwaso shi? Daga wajen waɗanda kake wa dariya."

"Allah ya jiƙansu dai. Hajiya, a ƙaro miya, Dakta ya fara wa'azi."

Haka za su yi ta yi har la'asar. Ɗan farinmu yana zaune a bakin ƙofar ɗakinsu da littafi a cinya, ba karatun yake ba.

Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a yabonsa. Mahaifina har ya koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinsa ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa ba ya son sa. Amma shi yayan namu a ɗakin kakarmu ya tashi, ita ke kiransa da duk sunan da ta ga dama, tana tsokanarsa tana ɓoye masa ƙosai. Ga baffanni, ga gwaggonni. Abin da uba da uwa suka riƙe, gida ne ke biya. Mu kuwa da muka ɗauko al'adar muka hau jirgi da ita, ba mu ɗauko gidan ba. A hawa na tara mu huɗu ne. Maƙwabtanmu na dama 'yan China, na hagu Malayawa, mutanen kirki, amma babu kaka a cikinsu.

Idan Malam yana son sa sai ya ce da autar, "Uwata, kira yayanki." Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata haka, kuma a kafaɗarsa ta girma. In yaron yana gabansa sai ya ce "kai," idonsa a wani wajen. Ni ma haka nake yi, sai dai ni ina da abinci da wanki da shafa goshi in zazzaɓi ya kama shi, waɗannan suna magana a madadina. Malam ba shi da ko ɗaya. Yaron kuma a makarantar nan ya tashi, yana ganin uban abokinsa Bamalaye yana rungume ɗansa a bakin ƙofar makaranta, yana kiransa da suna tun daga cikin mota. Hausa yana ji sarai, amma da Turanci yake amsawa, in ya yi fushi kuma Malayanci ke fitowa.

Yana aji na farko a sakandare ya same ni ina yanka alayyafo, ya tambaye ni da Turanci ko akwai abin da ya yi wa Abba tun yana ƙarami. Na ce babu. Ya ce to me ya sa ba ya kallon sa. Na ce haka ake yi a wajenmu, girmamawa ce, ɗan fari babban mutum ne. Sai ya ɗauki ƙwallonsa ya sauka.

Domin tun kafin nan ya fara buga ƙwallo a filin ƙasa tare da yaran benen. Tsawon ubansa ya ɗauko. Da yamma in Malam ya dawo, sai ya ajiye jaka ya fita baranda wai yana shan iska, ya raɓe a bayan kayan da na shanya. Ina ganin hannunsa yana motsi shi kaɗai duk lokacin da yaron zai yi jifa. Da an tashi daga wasa sai ya shigo ya buɗe jarida. Na faɗa wa yaron wannan, ina tsammanin zai ji daɗi. Ya ce, "To lif ɗin ya lalace ne? Me ya hana shi saukowa?"

Wata Lahadi Alhaji yana cikin tsokanarsa, sai muka ji murya daga bakin ƙofar ɗaki.

"Kawu yana da gaskiya, amma bai san dalili ba."

Yaron ya taso da wayarsa a hannu. Ashe ya daɗe yana tono tsofaffin hotunan wasannin nan. Ya ce zakarun ƙaramar gasa suna da wani ƙato a ƙarƙashin raga, gaskiya ne, amma zakarun babbar gasa na wannan shekarar ba su dogara da mutum biyar ba. Mai horar da su yana ta sauya 'yan wasa ne, waɗanda ke zaune a benci suna jiran canji ma ba kanwar lasa ba ne, kafin a kai ƙarshe ƙaton nan ya gaji yana jan ƙafa. Ya ce kuma a ƙaramar gasa ba a tsaron gida, kowa gudu yake yana jifa, shi ya sa makinsu ke da yawa.

Na leƙo daga kicin da muciya a hannu. Malam ya ajiye cokali, ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, ya dubi yaron ido cikin ido. Ban taɓa ganin haka ba.

"Wa ya gaya maka ba a tsaron gida? Ka taɓa ganin wanda ya shiga ƙarƙashin ragar nan ya fito da ƙwallo? Zauna. Zauna in gaya maka."

Ya zauna. Suka yi ta yi, uban da Hausa, ɗan da Turanci, Alhaji yana tsakiya yana zuga kowa. Malam ya ce ai sun haɗu a wasan sada zumunci kuma an ga abin da ya faru. Yaron ya ce wasan sada zumunci ba wasa ba ne, manya ba sa zubar da gumi a kansa. Malam ya buga tebur har ruwa ya zube. Ni kuwa na koma kicin na yi sujada a kan tayil ɗin, tuwona yana ƙonewa.

Shekaru muka yi a haka. Ba su da wata hira sai wannan. Sakamakon jarrabawa ta hannuna yake bi, kuɗin makaranta ta hannuna, ciwon kai ta hannuna. Amma da an ce ƙwallo mai launi uku, sai su zama kamar abokai biyu a teburin mai shayi. Wani lokacin har kantin mamak na ƙasan bene suke sauka, inda Indiyawa Musulmi ke sayar da roti, wato irin gurasarsu, da shayin madara, su dawo ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa. Na lura yaron ba ya barin gardamar ta mutu. In ta lafa kwana biyu sai ya nemo wani sabon abu ya jefa, ko a ce tauraron babbar gasa da ke jifan fanareti daga ƙasa da hannu biyu ya fi kowa a ƙaramar gasa, ko a ce zakarun farkon ƙaramar gasa ko 'yan makaranta ba za su ci ba. Ba na jin ya damu da mutanen nan. Wasunsu sun mutu kafin a haife shi.

Na taɓa yi wa Malam magana, muna hanyar dawowa daga kasuwa.

"Malam, yaron nan fa ba a Kano ya tashi ba. Da za ka riƙa kiransa ko da a cikin gida ne, mu kaɗai."

"Kina so in zama abin dariya? Babana ya kira ni?"

"Kai kana da Inna da su Baffa."

"Jinina ne. Ya sani."

"Ta ina zai sani?"

Ya ƙara sautin karatun da ke cikin mota. Ban sake tayar da zancen ba sai da ciwo ya zo.

Ƙoda ce. Hawan jini ya daɗe yana cin ta ba mu sani ba. Aka fara yi masa wankin ƙoda a asibiti, yana dawowa a galabaice, fatarsa ta yi toka-toka. Aka hana shi gishiri, aka hana shi ayaba, ruwa ma sai da ɗan ƙaramin kofi nake auna masa, a garin da gumi ba ya barin mutum. Dogon nan ya rame har rigunansa suka koma kamar na aro. A lokacin yaron ya shiga jami'a, amma yana kwana a gida, shi ke kai shi wankin wani lokaci. Suna tafiya shiru, suna dawowa shiru, sai in ɗaya ya tayar da ƙwallo.

Ranar da abin ya fashe Lahadi ce, bayan azahar, Alhaji yana nan. Malam ya ɗan ji ƙarfi ranar, har ya ci tuwo loma kaɗan. Alhaji don ya faranta masa ya ce, "Dakta, waɗannan matattun naka, ko sunayensu kana tunawa kuwa?" Sai Malam ya gyara zama ya fara jero su. Ya faɗi sunan ƙaton, ya faɗi sunan mai jifan nesa, ya faɗi na kowa har waɗanda ke benci, har mai horar da su. Kowane suna sai ya ja shi a hankali, ya faɗi garin da mutumin ya fito, da irin takunsa, fuskarsa tana haske kamar mai lissafa 'yan'uwansa da ya daɗe bai gani ba.

Yaron yana tsaye ya jingina da bango. Da uban ya gama sai ya yi magana da Hausa, Hausarsa mai karyayyen harshe da ba ya yarda ya yi a gaban baƙo.

"Abba, ka san sunan duka. Ba su san ka ba. Ni ina nan. Faɗi nawa."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana gyara hula. Na fito na tsaya. Ina kallon maƙogwaron Malam yana hawa yana sauka. Ya dubi yaron, ya dubi Alhaji, kuma na san da babu baƙo a wurin ma abin zai yi masa nauyi, balle ga shi a zaune. Sai ya juya wajen autar.

"Uwata, kawo mini ruwa."

Ya riga ya sha na ranar, shi ma ya sani. Yarinyar ta dube ni, ta rasa abin yi.

A makon nan yaron ya kwashe kayansa ya koma Taman Melati, ɗaki ɗaya da wasu ɗalibai. Ya ce ya fi kusa da makaranta. Tasha kaɗan ce tsakaninmu a jirgi, amma sai ya zaɓi ranakun wanki yake zuwa, lokacin da ya san uban ba ya gida. Ya ci abinci a tsaye, in zuba masa wani a roba ya tafi da shi. Alhaji ne ya koma kai Malam asibiti. Ranar Lahadi falon ya zama shiru. Alhaji ya gwada tsokana sau ɗaya ko biyu, Malam ya ce, "Bar shi, Alhaji," shi ke nan. Da yamma yana fita baranda har yanzu, ya tsaya yana kallon yaran wasu.

Na yi addu'a a wannan lokacin irin wadda ban taɓa yi ba. Ba lafiya kaɗai nake roƙa ba, don na ga inda jikin ya nufa. Roƙona kada Allah ya ɗauki ɗaya daga cikinsu a kan wannan hali.

Da damina ta yi ƙarfi, zazzaɓi ya shiga ta wurin da ake sa masa allurar wanki, aka kwantar da shi. Ɗaki ne na mutum shida, labule ne kawai tsakani. Na zauna a gefensa wata safiya ina shafa masa mai a ƙafa, na ce:

"Malam, don girman Allah. Ba don ni ba. Kalma ɗaya ce. Kai ka raɗa masa sunan nan a kunne da bakinka ranar da aka haife shi."

Ya ce, "Ki ce ya zo."

Yaron ya zo da yamma lokacin ziyara, rigarsa a jiƙe da ruwan sama, ya tsaya a ƙarshen gado ya gaishe shi. Na ja labule na ce da autar mu je mu sayo shayi, amma ban yi nisa ba, na tsaya a bayan labulen ina riƙe da hannunta. Na ji Malam ya yi gyaran murya. Na ji ya ce "kai," ya yi shiru. Ya sake cewa "kai." Sai na ji ya ce:

"Na yi tunani a kwancen nan. Naku za su ci."

"Abba?"

"Benci. Ka yi gaskiya tun farko. In aka yi wasa bakwai ɗin da ake yi don ɗaukar kofi, ƙaton zai gaji. Naku za su ɗauki kofin."

"Ba ka yarda da haka ba."

"Na yarda. Ka ci gardama. Magana ta ƙare."

Sannan na ji muryar yaron, da Turanci, a hankali ƙwarai. Ya ce, "Shi ke nan abin da ka kira ni ka faɗa mini?" Can yaron ya ƙara da cewa, "To. Ta ƙare." Ya ɗaga labulen ya fito, ya gan mu a tsaye, ya wuce. Na bi shi har bakin lif ina cewa ya tsaya ya ji, ya ce, "Umma, abu ɗaya muke magana a kai ni da shi. Yanzu ya rufe shi." Ƙofar ta rufe.

Da na koma na tarar da Malam yana murmushi, murmushin mai rauni. Wallahi ya ɗauka ya yi abin kirki.

"Kin ji? Tun ina saurayi ban taɓa sakar wa kowa wannan maganar ba. Ko malamin da ya koya mini ya dawo ya ce in sauka ba zan sauka ba. Na ba shi."

"Ba ita ya roƙa ba, Malam."

Murmushin ya tafi a hankali. Ya juya fuskarsa wajen bango. Can ya ce, "Harshena ne ya ƙi. Na ɗauko shi har nan," ya nuna maƙogwaro. "Gobe in ya zo."

Bai zo gobe ba. Na kira wayarsa bai ɗauka ba, na aika saƙo ya ce yana da jarrabawa. Alhaji ya je har ɗakinsu, ya dawo ya ce mini yaron yana zaune a kan katifa ba ya karatun komai, ya yi masa faɗa irin na uba, yaron ya ce zai zo ranar Juma'a. Malam kuwa duk wanda ya taɓa labule sai ya ɗago kai.

Ranar Alhamis da hantsi jini ya buge shi a kai. Ina ba shi kunu a cokali sai na ga kunun yana dawowa ta gefen baki, hannunsa na dama ya faɗi daga kan bargo. Likitoci suka taru, aka fitar da ni. Da aka bar ni na koma, idonsa a buɗe yake, yana gane mutane, amma magana ta tafi.

Yaron ya iso a guje, ko takalmi bai ɗaura ba. Ya durƙusa a gefen gadon ya kama hannun hagun, wanda ke da sauran rai, yana cewa "Abba, Abba, ga ni." Malam ya dube shi. Wannan karon bai kau da ido ba, ya kafe shi da kallo kamar zai haɗiye shi. Alhaji yana ɗaya gefen, bakinsa a kunnen Malam, yana maimaita masa kalmar shahada a hankali kamar yadda ake yi. Sai leɓen Malam ya fara motsi, gefe ɗaya kawai. Yaron ya kai kunnensa har yana taɓa bakin. Leɓen ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Iska ce kawai ke fita. Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare ya lumshe ido. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

A nan aka binne shi, a maƙabartar Musulmi, washegari bayan sallar Juma'a. 'Yan Najeriya sun cika masallacin, da ɗalibansa Malayawa da Larabawa. Alhaji ya ce mini yaron ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, kuma sai da aka riƙo hannunsa aka fito da shi.

Na yi takaba a hawa na tara. Matan ɗalibai suna zuwa da rana da kulolin abinci, maƙwabciyata Bamalaya tana aiko da shinkafa. Yaron ya dawo gida da kayansa ba tare da kowa ya ce masa ya dawo ba. Shi ke zuwa kasuwa, shi ke kai autar makaranta, shi ke bin takardun zamanmu, tunda a kan aikin Malam muke zaune a ƙasar. Ba ya sauka filin ƙasa. Ba ya yawan magana.

Wata yamma bayan na idar da sallar la'asar ina zaune a kan darduma, ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ni, ya miƙe dogayen ƙafafunsa. Ya daɗe yana wasa da gefen dardumar. Sannan ya ce, da Hausa:

"Umma, kina wajen. Kin san bakinsa fiye da kowa. Me yake cewa?"

Na san abin da yake so in ce. Kuma da na faɗa, zai yarda, zai riƙe shi har tsufansa. Na yi ta juya abin tun ranar, ina rufe ido ina kallon leɓen nan. Wani lokaci in ga kamar sunan ne, don akwai inda leɓe ke haɗuwa a cikinsa. Wani lokaci in ga kalmar da Alhaji ke laƙƙana masa ce yake bi. Ni matarsa ce, na san abin da ya kamata in fi so ya zama ƙarshen maganarsa a duniya, kuma shi nake roƙa masa a kowace sujada. Amma ni ce kuma na haifi wannan da ke zaune a gabana.

Na ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Kai yake kallo, wannan na gani da idona."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ni ma ban ji ba. Na sa kunne sosai."

Muka zauna. Jirgi ya wuce a kan gada, autar tana ɗaki tana haddar da aka ba su. Da ya tashi zai fita sayo burodi, ya kai bakin ƙofa yana sa takalmi, sai na buɗe baki na kira sunansa. Muryata ta fito wata iri, kamar ta mai koyon yare. Bai juyo nan da nan ba. Da ya juyo idonsa ya kaɗa.

Ya ce, "Bar shi, Umma. Ba daga wajenki nake nema ba."

Ya ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara.